Na Tare Miki Hanya, Yaya

Kafin in faɗi alherinki, Yaya, sai na fara da laifina, domin ba na so in tsaya cikin masu yabonki ina ɓoye wani abu a ƙarƙashin mayafi. Ranar da ciwo ya kayar da ke, motata ce ta tare hanyar fita da ke. Ni na ajiye ta a wurin, kuma na ajiye ta ne yadda kika shekara da shekaru kina hana ni.

Allah Ya karɓi ranki ranar Laraba, tara ga watan Safar, bayan la'asar, a asibitin da kika yi wa aikin jinya har kika yi ritaya. Shi Ya ba mu ke, Shi Ya karɓe abinSa, kuma can muka nufa duka, kowa da ranarsa. Kin bar mahaifiyarmu Inna, kin bar 'yarki guda ɗaya tilo, kin bar ni ƙanwarki da ƙanenmu da aiki ya kai nesa. Kin bar kuma mata da yawa a unguwa waɗanda ƙofarki suke fara bugawa kafin su nufi asibiti.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma wanda bai sani ba ba zai ce ɗaki ɗaya muka fito ba. Ke mai dariya ce, ana jin ki tun daga bakin titi. Ni kuwa tun ina ƙarama fuskata a ɗaure take, ni ce mai kai ƙarar wanda ya makara sallah. Ke kika sa mini suna Alƙaliya, kuma har furfura ta fito mini ba ki daina ba. Da na yi sallama sai ki ɗaga murya ki ce, "Alƙaliya ta iso, kowa ya gyara ɗankwalinsa." Na sha yi miki gyara a kan yawan raha, da kan sallar da aikin asibiti yake sa ki jinkirta, da kan mayafin da kike yafawa a kafaɗa. Ba ki taɓa yin fushi ba. Sai ki ce, "Na ji, Allah Ya gafarta Malama," ki ci gaba da abin da kike yi.

Abin da kike yi ɗin kuwa shi ne abin da ni ban yi ba. Da ɗana na fari ya kamu da zazzaɓi mai sa shiɗewa, ni ina tsaye ina ta salati kawai. Ke kika shigo da takalma wari da wari, kika karɓe shi, kika kwantar da shi a gefe, kika jiƙa tsumma. Da Babanmu ya kwanta ciwon ajali, ke ce mai juya shi, ke ce mai wanke shi, kina tsokanarsa wai ya zama jaririnki, yana murmushi da rabin baki. Da mijinki ya rasu, kina da ikon zama a gidanki ki huta, amma kika kwaso kayanki kika dawo gidanmu na gado don kada Inna ta tsufa ita kaɗai. Ciwon suga ya buɗe mata miki a ƙafa, ke ce mai wanke shi kowace safiya, ke ce mai kai ta ganin likita duk mako. Ni nakan zo gaisuwa, in kawo cefane, in yi nasiha, in tafi.

Ke kika koya mini tuƙi, lokacin da aka yi wa maigidana canjin wurin aiki ya bar ni da yara da motar da ban san inda ake kunna ta ba. Kikan taso daga aiki a gajiye, ki zauna gefena a wani fili da ke bayan makaranta, ina zagaye, kina gyangyaɗi. Komai na yi sai ki yi dariya. Na hau kan dutse, kika yi dariya. Na kori tumakin mutane, kika ce ko kiwo na koma. Abu ɗaya ne ba kya wasa da shi, shi ne yadda ake ajiye mota.

Motocinmu duka biyu masu canza giya da kansu ne, waɗanda ake cewa atomatik. Kin ce mini sauƙinsu ne yake yaudarar mutane, sai direba ya tura giya kan P ya zare makulli, yana zaton ya gama. Na tuna ranar da kika kama ɗan yatsana kika ɗaga shi a gaban idona.

"Kin ga wannan? P ɗin da kike taƙama da shi wani ɗan ƙarfe ne da bai fi haka ba. Shi yake shiga tsakanin haƙoran giya ya riƙe. In kika ɗora masa nauyin mota a gangare, ko ya karye ta tafi, ko ya cije ya ƙi fita."

Sai kika jera mini yadda ake yi. A tsayar da mota cak, ƙafa na kan birki. A mai da giya kan N, inda ba ta riƙe komai. A ja birkin hannu da kyau. A ɗaga ƙafa a hankali har a ji motar ta zauna a kan birkin hannun. Sannan a sake taka birki, a sa P, a kashe. In gangare ne, a karkata taya wajen bango ko bakin hanya, don ko ta suɓuce ta sami abin da zai tare ta. A bayan motarki kuma kullum akwai wani guntun katako da kike sa wa taya.

Na ce miki wannan ai tsanani ne. Kika dube ni kika kwashe da dariya har da hawaye.

"Yau Alƙaliya ce take kiran abu tsanani? Ke da in yaro ya wanke ƙafa kafin fuska a alwala sai kin sa ya sake? To wannan ma alwalar mota ce, ba a tsallake gaɓa."

Daga baya na san inda kika samo abin. A ɗakin agajin gaggawa aka taɓa kawo miki wani magidanci da ya fita buɗe ƙofar gidansa ya bar mota ba birkin hannu, ta biyo shi ta matse shi da ƙyauren. Ke kika yanke masa wando da almakashi. Ba ki cika ba da labarin ba, amma tun daga ranar, in kika ga mace ta yi fakin a bakin kasuwa ta fito da sauri, sai kin tare ta, ko ba ki san ta ba, ki ce, "'Yar'uwa, kin ja na hannun kuwa?" Wasu su yi godiya, wasu su harare ki. Duk ɗaya ne a wurinki.

Wanda bai san gidanmu ba sai na kwatanta masa, don ya gane abin da ya faru. Daga ƙofar waje zuwa ƙofar ɗaki hawa ne, wani siririn lungu tsakanin katangarmu da ta maƙwabta. Babanmu ya gina shi lokacin da keke kaɗai gare shi. Faɗinsa na mota ɗaya ne, in ta shiga, mai wucewa sai ya bi a karkace, kafaɗarsa na gogar bango. A can sama ne wurin ya ɗan buɗe, inda motarki take tsayawa dab da ƙofa. Idan na zo, a bayanki nake tsayawa, a tsakiyar hawan. Tagar ɗakinki tana kallon lungun, kuma da kin ji ƙarar motata sai ki ɗaga labule. Ina kashewa zan ji muryarki: "Kin ja?" In ce na ja.

Ga abin da ban taɓa faɗa miki ba. A gabanki kaɗai nake bin wannan tsari. A ƙofar gidana, da kasuwa, da makarantar yara, P nake bugawa in fita. Shekaru suka wuce ba abin da ya faru, sai na ɗauki shirun a matsayin hujja. Ni da nake karantar da mata a islamiyya cewa aikin da ake yi don idon mutane ba aiki ba ne, ga shi ina jan birki don labulenki.

Ranar Litinin ɗin nan na taso daga kasuwa, bayan motar cike da buhunan cefanen gida. Cunkoso ya riƙe ni a hanya har lokacin azahar ya kusa fita. Na shigo lungun zuciyata na kan sallah. Na ɗaga kai na ga labulenki a sake. Na buga P, na ɗaga ƙafa, na ji motar ta ja da baya kaɗan ta tsaya da wata 'yar girgiza. Na san wannan girgizar, kin sha gaya mini ma'anarta. Sai a lokacin na ja birkin hannu, bayan nauyin ya riga ya hau inda bai kamata ba. Na wuce na yi alwala, gaɓa bayan gaɓa, ban tsallake ko ɗaya ba. Ban tambayi kaina abin da ya hana ki ɗaga labule ba.

Ina sallame sallah 'yarki ta shigo ta ce Mama ba ta da lafiya. Na same ki zaune a bakin gado, hannu a ƙirji, gumi na zuba kamar an watsa miki ruwa. Kin san abin da yake damunki, ke da kika gan shi a jikin mutane ba adadi. Kika ce, "Zuciya ce. Fitar da motarki, a ɗauke ni a tawa."

Na shiga, na kunna, na taka birki, na kama giya. Ta ƙi motsi. Na sake ja, kamar an narka ta a wurin. Na ja da hannu biyu. Na kashe na kunna, na kashe na kunna. Ƙofar motar ma ba ta buɗuwa sosai saboda bango, ina ciki kamar an rufe ni a akwati. Gabana motarki ce, bayana ƙofar gida a buɗe, titi na nan ina ganinsa a madubi, amma ba halin isa. Mota a kan P ba ta turuwa, tayoyinta a kulle suke. Muka gwada fitar da ke a ƙafa, ni da 'yarki, ke kuwa mace ce mai jiki, ratar da ke tsakanin motar da bango ba ta ɗaukar mutum uku, ba ta ma ɗaukar biyu. Muka mayar da ke muka zaunar a bakin ƙofa. Inna na daga ciki tana ta tambaya me ake yi.

Daga inda kike zaune, numfashi na yankewa, kika ce, "Kada ki finciki giyar, za ki karya. Nauyi ne ya hau ta. Nemo maza su tura ta gaba kaɗan, ki saki na hannu, ki taka birki da zarar sun ɗaga nauyin."

Ba ki ce mini "ai na faɗa miki" ba. Na so ki faɗa.

A irin wannan lokaci maza duk suna wurin aiki. 'Yarki ta fita a guje ba takalmi, ta buga gida na farko ba kowa, na biyu tsohuwa ce kaɗai. Sai a bakin titi ta samo tela da mai walda da wani mai wucewa. Suka sa kafaɗa suka tura. Na ji wata ƙara a ƙarƙashina kamar ƙashi ya koma gurbinsa, giyar ta saki. Na fitar da tawa, na dawo da gudu na ɗauke ki a taki. Ban duba agogo ba. Tela ya ce abin bai daɗe ba. 'Yarki ta ce ba ta sani ba. Ni dai har yau ban ji na fito daga cikin motar nan ba.

Kin yi kwana biyu a asibiti, tsofaffin abokan aikinki na kewaye da ke. Ranar Talata kika farfaɗo sosai har muka sa rai. Na zauna gefenki na buɗe baki zan yi magana, kika riga ni.

"Alƙaliya, na san abin da kike shiryawa. Wannan shari'ar ba a kotunki take ba. Ki bar ta."

Na ce, "Yaya, ban ja ba sai daga baya."

Kika ce, "Na sani. Na ji girgizar daga kan gado." Kika yi ɗan murmushi. "Ki kula da ƙafar Inna."

Washegari kika cika.

Likitan da ya duba ki ya ce zuciyar ta daɗe da gajiya, kuma kin sani, kina shan magani ba ki gaya wa kowa ba. Na tambaye shi, da an kawo ki da wuri fa? Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce Allah ne masani. Na yarda Allah ne masani. Na yi imani ajali ba ya gaba ba ya baya, kuma ko da lungun a buɗe yake, ranar Laraba ranarki ce. Amma na san kuma cewa ƙaddara ba ta ɗauke wa bawa tambaya a kan sakacinsa. Tsakanin waɗannan biyun nake kwana nake tashi, ba na iya matsawa ko'ina. Ɗan shirun da likitan ya yi kafin ya amsa ya fi mini maganarsa nauyi.

A barandar asibitin, kafin a fito da ke, na zare makullin motarki daga jakata na miƙa wa 'yarki. Na rantse da Allah ba zan sake riƙe sitiyari ba muddin ina numfashi. Na faɗa da ƙarfi, mutane sun ji. A lokacin na ɗauka tuba ce.

Wani abokin aikinki ya maido motarki gida ya ajiye ta a wurinta, dab da ƙofa. Aka rataye makullin a ƙusa. Masu gaisuwa suka zo suka watse, ƙanenmu ya koma bakin aikinsa, gidan ya rage daga Inna sai 'yarki sai ni da nake zuwa kullum a motar haya. Ranar ganin likitan Inna ta zo. Masu tasi suka ƙi shiga lungun. Ɗaya ya gwada, madubinsa ya gogi bango, ya koma da baya yana mita. Inna kuwa ba ta iya taka gangaren nan da ƙafarta. Na ce a samo maza su sauko da ita a kujera. Ta ce, "Ban mutu ba tukuna da maza za su ɗauke ni a kafaɗa." Ƙanenmu ya ce a ɗauki direba ya riƙa jan motarki. Ta ce baƙo ba zai zauna a kujerarki ba tana da rai. 'Yarki ba ta iya tuƙi ba, kin ce sai ta gama karatu za ki koya mata.

Ranar ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Ina wanke mikin yadda na ga kina yi, amma hannuna ba naki ba ne. Bakinsa ya fara yin duhu, ɗakin ya fara wani wari da turare ba ya rufewa. Mota na tsaye taku kaɗan daga gadonta, tana ganinta ta taga. Wata safiya ina naɗe mata bandeji ta dubi rufin ɗaki ta ce, ba da faɗa ba, "Ɗaya ta tafi ta bar ni, ɗaya ta rantse ta kulle ni."

Na ƙarasa naɗin na fita. Na tafi wurin malamar da ta karantar da ni, na zayyana mata komai. Ta ce, "Kin zo ne in gaya miki abin da kika sani? Sau nawa kika karantar da babin nan? Rantsuwar da ta tare alheri karya ta ake yi, a yi kaffara." Gaskiya ta faɗa, na san hukuncin. Abin da ban so in sani ba shi ne cewa ba tsoron Allah ne ya riƙe ni ba, tsoron kujerar direban nan ne, na yafa masa mayafin addini. Na zaɓa wa kaina horon da ya yi mini sauƙi, nauyinsa kuwa a kan ƙafar Inna ya sauka. Na sake tare lungun ke nan, wannan karon da bakina.

Washegari na sauko da makullin daga ƙusa. Na buɗe motarki, kujerar tana nan yadda aka bar ta, ƙamshin turarenki bai gama fita ba, carbinki na rataye a madubi. Na daɗe zaune ban kunna ba. 'Yarki ta shigar da Inna baya, ta cire katakon daga ƙarƙashin taya, ta zauna gefena. Na kunna. Na sauka lungun da baya, bango dama bango hagu.

Likita ya yi mana faɗa a kan jinkiri, ya kankare mikin, ya ce an zo a kan gaɓa, ƙafar za ta tsira in an kiyaye. Da muka dawo na hau lungun, na tsaya a wurinki. Na mai da giya kan N, na ja birkin hannu, na ɗaga ƙafa a hankali. Motar ta zauna shiru, ba girgiza. Na sa P, na kashe. Ban san lokacin da na ɗaga kai na dubi tagarki ba. Labulen na nan a sake. Sai na ji muryar Inna daga baya, ita da ba ta taɓa riƙe sitiyari ba, ta dai shekara tana jin ki ta bango:

"Kin ja?"

Na ce, "Na ja, Inna."

Masu tambayata abin da za su yi miki banda addu'a, ga shi. In kuka tsayar da mota, ku ja birkin hannu kafin ku sa P, ko ƙasa a miƙe take, ko ba mai kallo. Kada ku ajiye ta inda za ta rufe wa gida hanyarsa guda ɗaya sai kun tabbata za ta tashi a lokacin da aka buƙata. Ba ku san wanda ke kwance bayan labule ba.

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo gare Ka. Ta wanke mikin bayinKa ba ta yi ƙyama ba, Ka wanke ta daga kurakuranta. Ka yalwata mata makwanci, Ka haskaka shi, Ka buɗe mata hanya ba abin da ya tare ta har Aljanna. Ka haɗa ta da Babanmu da mijinta cikin rahamarKa. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, Allah Ya ba ta haƙuri da lafiyar ƙafa. Ga 'yarki, wadda ba ta taɓa dubana da zargi ba ko da ido, Allah Ya zama gatanta. Ga ƙanenmu, da abokan aikinki, da matan unguwa, da tela da mai walda da bawan Allahn nan da ban san ko wane ne ba, Allah Ya saka musu. Ni kuma Ya yafe mini abin da na sani da wanda ban sani ba.

Rantsuwar da na yi a barandar asibiti, ban cika ta ba. Na karya ta da sanina, na ciyar da miskinai kamar yadda shari'a ta ce. Ina tuƙa motarki, Yaya, duk mako ina kai Inna.